Damagaram a cikin fihirisar batutuwa: tarihin wata hanyar neman bayani

0. Gabatarwa

Wannan maƙala tana nazarin wata hanyar neman bayani wadda ta yi tashe a farkon zamanin intanet, sa'an nan ta ja da baya cikin shekaru ashirin da ƴan kai, wato bin fihirisar batutuwa. Abin da muke nufi da fihirisar batutuwa shi ne jerin wuraren da ake samun bayani, wanda mutane suka tantance da hannunsu, suka kasa shi fanni-fanni, kowane fanni da rassansa, kowane reshe kuma da ƙananan rassa. Mai nema yakan fara daga babban fanni, ya yi ta gangarowa har ya iso ga abin da yake bukata. Da Faransanci ana ce mata annuaire thématique. Mun zaɓi kalmar fihirisa domin tsohuwa ce a bakin malaman zaure. Daga Larabci muka aro ta, kuma sunan littafin nan ne da Ibn al-Nadim ya haɗa a Bagadaza wajen shekara ta 987, inda ya jera littattafan da ya sani cikin maƙaloli goma, kowace da fannoninta.

Za mu ɗauki Damagaram a matsayin abin gwaji. Ra'ayin da za mu kare shi ne: kowace fihirisa taswira ce da wani ya zana gwargwadon iyakokin da ya sani, kuma tun daga ƙarni na 19 duk taswirar da aka zana takan raba Damagaram gida-gida. Saboda haka ɗalibin da bai san tarihin waɗannan rabe-rabe ba zai samu kaɗan ya ɗauka duka ke nan. Za mu bi matakai huɗu: tsarin da aka gada kafin mulkin mallaka, tsarin takardun mulkin mallaka, tsarin ɗakunan littattafai, da tsarin intanet. Daga ƙarshe za mu kawo shawara ga sashenmu.

1. Yadda ake neman sani a birnin Damagaram kafin 1899

Daular Damagaram ta samo asali ne a ƙarni na 18, daga zuriyar wani malami da ya fito daga wajen Borno. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya mai da fadarsa Zinder, kuma a zamanin Sarki Tanimu, wanda mulkinsa na biyu ya kama daga 1851 zuwa 1884, aka kewaye birni da ganuwa, aka ƙera igwa, daular ta faɗaɗa har ta haɗiye Muniyo da ƙasashen Sosebaki. A tsawon wannan lokaci tana kai gaisuwa Kukawa, tana ciniki da Agadas da Gat da Tarabulus, tana kuma yaƙi ko sulhu da Kano da Gumel da Daura.

A irin wannan gari sani yana da mazauni, kuma mazaunin nasa mutum ne. A zauren malamai ilimi a kashe yake fanni-fanni: tauhidi, fiƙihu, nahawu, lugga, tafsiri, hadisi, hisabi. Wanda ya sauke littafi a gaban wani malami, in yana son wani fanni, malamin ne zai gaya masa wanda zai je wurinsa, ko da a wani gari yake. A fada kuma sarautu ne ke riƙe da batutuwa. Ciroma da Galadima da Kaigama kowa da abin da aka ɗora masa, alƙali da shari'a, makaɗan fada da jerin sarakuna da kirarinsu. Labarin ayari da farashin haja kuwa sai a Zango, wajen fatake da masu masauki. Baƙon da ya zo da tambaya ba ya bin gida-gida yana lalube. Yakan tambayi wanda ya san wanda ya sani, a miƙa shi daga hannu zuwa hannu. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Abu biyu ya kamata mu riƙe daga wannan tsari, domin za mu sake gamuwa da su a gaba. Na farko, akwai mai tantancewa, an kuma san shi, ana iya tuhumarsa in ya yi tura mara kyau. Na biyu, iyakar tsarin ita ce iyakar hulɗar garin: malamin Zinder zai iya tura almajiri Kukawa ko Katsina ko Kano ba tare da ya ji ya tsallaka wata ƙasa ba.

2. Takardun Turawa da rarrabuwar suna

Bayanin farko da Turawa suka rubuta a kan birnin ya fito ne daga ayarin da gwamnatin Ingila ta aiko. James Richardson ya zauna Zinder a farkon shekarar 1851, ya rasu a watan Maris na wannan shekara a kan hanyar Kukawa, aka buga littafin tafiyarsa a Landan a 1853. Heinrich Barth ya iso a ƙarshen Disamba 1852, ya tashi a ƙarshen Janairu 1853, littafinsa kuma ya fito da Jamusanci da Ingilishi a 1857 da 1858. A wurin waɗannan matafiya Zinder wani yanki ne na Borno, saboda haka mai neman ta a fihirisar irin waɗannan littattafai sau da yawa sai ya bi ta ƙofar Borno.

Zuwan Faransa ya sake taswirar. An kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder a watan Mayu 1898, a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A ƙarshen Yuli 1899 ragowar rundunar Voulet da Chanoine ta ci yaƙin Tirmini ta shiga birni. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1890, 1898, 1904 da 1906 suka ja layi tsakanin Damagaram da Kano, da Daura, da Gumel, da Borno. Tawagar Tilho ta zo auna wannan iyaka daga 1906, kuma a cikin takardunta da aka buga a Paris ne Landeroin ya rubuta tarihin sarautun yankin da ya tattara daga bakin mutane. Abin lura a nan shi ne, wannan tarihi yana ɓoye ne a ƙarƙashin take mai cewa takardun kimiyya na tawagar Tilho, tare da awon taurari da bayanin Tabkin Cadi. Ba sunan Zinder a taken, ba sunan Damagaram.

Sunan ƙasar ma bai tsaya wuri ɗaya ba. A 1900 an ƙirƙiro Yankin Soja na Uku. Daga 1904 an rataya shi ga mallakar da ake kira Haut-Sénégal et Niger, wadda ake mulka daga Kayes, daga baya Bamako. A 1911 Zinder ta zama babban birnin Yankin Sojan Nijar, a 1922 yankin ya zama mallaka mai kanta, a 1926 kuma aka mai da gwamnati Yamai. Takarda tana bin hanyar mulki ne: daga kumandan zuwa gwamna, daga gwamna zuwa gwamna-janar a Dakar, daga Dakar zuwa minista a Paris. Don haka rahoto ɗaya yana iya barin sawu a Yamai, a Bamako, a Dakar, inda aka ware rukunin 11G domin harkokin siyasar Nijar, da kuma Aix-en-Provence, inda aka buɗe ma'ajiyar takardun ƙasashen mallaka a 1966. Na soja suna Vincennes. Abin da jami'an Ingila suka rubuta game da maƙwabtansu na arewa yana Kaduna da Kew.

A matsayinmu na masu nazarin harshe, akwai wata matsala da ta fi shafar mu, wato rubutun suna. Gari ɗaya ne, amma a takarda za a tarar da Zinder, Sinder, Zindar. A tarar da Damagaram, Damagarim, Damagherim. Sarki ɗaya ne ake rubuta shi Tanimu, Tanimun, Tanimoune, Ténimoun. Haka Mirriya da Myrriah da Mirriah, haka Zango da Zengou, haka Tasawa da Tessaoua. Sunan harshen kansa yana da fuska uku: Hausa, Haoussa, Haussa. Kowane marubuci ya ji sauti da kunnen harshensa, ya rubuta da ƙa'idar harshensa. Daɗin daɗawa, mutanen ƙasa suna ce wa birnin Damagaram, hukuma tana ce masa Zinder, ga kuma Damagaram ta Kaya, gari daban.

3. Lambobin ɗakin littattafai

Mataki na uku shi ne na ma'aikatan ɗakunan littattafai. Melvil Dewey ya fitar da tsarinsa na goma-goma a Amurka a 1876. Daga gare shi ne Paul Otlet da Henri La Fontaine suka samar da CDU a Beljiyam a farkon ƙarni na 20, wanda ya yaɗu a ƙasashen da ke aiki da Faransanci. A tsarin Dewey tarihin Nijar yana lamba 966.26, na Najeriya yana 966.9. A tsarin ɗakin littattafan majalisar Amurka kuwa Nijar tana DT547, Najeriya tana DT515. Littafin da ya yi magana kan yaƙe-yaƙen Damagaram da Kano dole a zaɓar masa kanta ɗaya, domin littafi ba ya zama wuri biyu.

In muka juya ga harsuna, rabuwar ta fi haka yawa. Mu ɗauki harsunan da ake ji a kasuwar Dole ranar Alhamis. Hausa tana 493.72, cikin dangin Cadi, waɗanda Joseph Greenberg ya tabbatar da zamansu reshe na iyalin Afro-Asiya a littafinsa na 1963. Barbarci, wato harshen Kanuri, yana ƙarƙashin 496.5, cikin Nilo-Sahara. Buzanci yana 493.3, Fillanci yana ƙarƙashin 496.3, Larabci yana 492.7, Faransanci yana 440. Tsarin ya bi asali ne, wato wane harshe ya haifi wane. Bai tanadi wuri ba ga maƙwabtaka, wato wane harshe ya zauna da wane, alhali kuwa ita ce babbar tambayar mai nazarin Damagaranci. Misali mai kyau shi ne maƙalar Greenberg ta 1960 a kan tasirin Barbarci a cikin Hausa, inda ya nuna cewa kalmomi irin su karatu da rubutu da kasuwa ta hannun Barebari suka shigo. An buga ta ne a mujallar tarihin Afirka ta Cambridge, a shekararta ta farko. Wanda ya tsaya kan kantar harsuna kaɗai ba zai gan ta ba.

Manyan ayyukan da aka yi kan daular su ma sun warwatsu. Roberta Ann Dunbar ta kare kundin digirinta na uku a jami'ar UCLA a 1970, da Ingilishi, a kan Damagaram daga 1812 zuwa 1906. André Salifou ya buga nasa a 1971, da Faransanci, a lamba ta 27 ta jerin Études Nigériennes. Stephen Baier ya buga tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar a Oxford a 1980, kuma galibin littafin a kan Damagaram da Damargu yake, ko da yake takensa bai ambaci ko ɗaya ba. Wasan kwaikwayon Salifou mai suna Tanimoune yana kantar adabin Faransanci. Rubuce-rubucen Larabci da ajami kuwa suna da nasu sashe a IRSH ta Yamai, wanda tarin Boubou Hama ya zama harsashinsa, faya-fayan tarihin baka kuma suna wurare irin su CELHTO.

Ma'aikatan ɗakunan littattafai sun san wannan ciwo, sun kuma yi masa magani da katin batu da alamar «duba» da «duba kuma». Littafi na kanta ɗaya, amma katinsa yana iya zama akwati uku ko huɗu. Jerin kalmomin batu da aka daidaita, irin RAMEAU a Faransa, aikinsa ke nan: a zaɓi suna ɗaya, a tura duk sauran gare shi.

4. Fihirisa ta hau intanet

Da aka ƙirƙiro yanar gizo, wannan gado aka fara ɗauka. Tim Berners-Lee da kansa ya soma jerin batutuwa a cibiyar CERN ta Janeba a 1991, wanda ya zama WWW Virtual Library, inda ake ba kowane fanni ga wani masani ko wata jami'a. A 1994 Jerry Yang da David Filo, ɗalibai a jami'ar Stanford, suka fara jerin da ya zama Yahoo. An kasa shi manyan fannoni 14, ƙasashe suna ƙarƙashin fannin yankuna, harsuna suna ƙarƙashin kimiyyar zaman jama'a, kuma alamar @ a ƙarshen sunan reshe tana nufin ainihin mazauninsa yana wani wuri, wato «duba kuma» ce ta dawo da sabuwar riga. A 1996 aka buɗe Yahoo na Faransa da kuma Nomade. A 1998 Rich Skrenta da Bob Truel suka kafa fihirisar da aka sani da DMOZ, wadda dubban ƴan sa-kai suka riƙa yi wa aiki har ta ƙunshi miliyoyin adireshi.

Ga mai nazarin Afirka, fihirisar jami'o'i ta fi ta kasuwa amfani. Karen Fung ta shirya Africa South of the Sahara a Stanford, inda ake shiga ta ƙofa biyu, ƙofar ƙasa da ƙofar batu. Ali Dinar ya riƙe ta jami'ar Pennsylvania, Joseph Caruso ya riƙe ta jami'ar Columbia. Russell Schuh kuma ya tanadi kayan koyon Hausa a UCLA. Dukansu sun san fannin, suna rubuta ɗan bayani a ƙarƙashin kowane adireshi, suna sa sunansu.

A Nijar, wasiƙar kwamfuta ta fara ne a hannun masu bincike, ta hanyar RIO, layin cibiyar ORSTOM, a farkon shekarun 1990. Cikakkiyar intanet ta iso Yamai tsakanin 1996 da 1997, ta layin tarho, da tsada da jan ƙafa. A wannan hali fihirisa tana da fa'ida ta zahiri: ana biyan kuɗi da minti, don haka gara a bi hanyar da wani ya share da a buɗe shafi hamsin ana neman ɗaya.

Akwai kuma dalili na harshe. Injin bincike, irin AltaVista da ya fito a 1995, haruffa yake nema, bai san ma'ana ba. Wanda ya rubuta Niger zai samu ƙasarmu, da kogin Kwara, da jihar Neja ta Najeriya, da yankin man fetur na bakin teku, har da sunayen Latin na tsirrai da ƙwayoyin cuta. Wanda ya rubuta Hausa ba zai ga takardun da suka rubuta Haoussa ba. Haruffa masu ƙugiya kuwa, ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, ba sa cikin jerin haruffan da galibin kwamfutoci ke aiki da shi a lokacin, saboda haka kowa da dabararsa: wani ya jefar da ƙugiyar, wani ya sa alamar ɗauri gaba ko baya, wani ya sa babban baƙi. Ko bayan taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980, mu muna rubuta ƴa, maƙwabtanmu na kudu suna rubuta 'ya. Mutumin da ke tantance fihirisa ya san duk waɗannan abu ɗaya ne, inji kuwa bai sani ba.

Amma fihirisar intanet ta gaji cutar uwarta. Ƙofar ƙasa ƙofar ƙasashen 1960 ce: Nijar daban, Najeriya daban, Cadi daban, Libiya daban. Ba reshe mai suna Damagaram a matsayin daula, ba reshe mai suna Sudan ta Tsakiya. Bugu da ƙari, yawancin masu tantancewa da Ingilishi suke aiki, a wurinsu kuma Hausa harshen Najeriya ne tukuna. Sai Hausar Nijar ta faɗa tsakani: a ƙofar harshe Kano ta rufe ta, a ƙofar ƙasa Yamai da Faransanci suka rufe ta.

5. Misali: neman labarin 1906

Domin a ga yadda abin yake a aikace, mu ɗauki ɗalibin da ke son rubuta kundi a kan abin da ya faru a Zinder a 1906, lokacin da Faransawa suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da ƙulla tawaye, suka tuɓe shi, suka kai shi Kodebuwa, suka bar mulki a hannun Ballama, har sai 1923 aka mai da sarauta ga Barma Mustafa. In ya rubuta «Zinder 1906» a injin bincike, zai samu taƙaitattun labarai masu maimaita juna. In kuwa ya yi tunani irin na mai fihirisa, zai tambayi kansa ƙofofi nawa wannan batu yake da su.

Ƙofar mulki: a 1906 Zinder tana ƙarƙashin Haut-Sénégal et Niger, don haka sai ya duba jerin takardun Bamako da na Dakar tare da na Yamai. Ƙofar zamani: a farkon wannan shekara aka yi tawayen Satiru kusa da Sakkwato, bayan na Kobkitanda a ƙasar Dosso, kuma tsoron da suka jefa a zukatan Turawan ɓangarorin biyu yana cikin abin da ke bayyana gaggawar hukuncin Zinder, wannan zai kai shi ga takardun Ingilishi. Ƙofar ciniki: cikin waɗanda aka zarga har da attajirin nan Malam Yaro, wanda Salifou ya rubuta maƙala a kansa a mujallar ƙungiyar masana Afirka ta Paris a 1972, da rubutun suna Malan Yaroh; ana samun ta a ma'ajiyar Persée, amma sai wanda ya san wannan rubutu. Ƙofar adabi: fim ɗin Si les cavaliers na Mahamane Bakabé, na farkon shekarun 1980, a kan wannan lamari yake. Ƙofar baka: abin da fada da zuriyar waɗanda abin ya shafa suka riƙe. Ƙofofi biyar ke nan, kuma ɗaya ce kawai take ƙarƙashin reshen «Nijar, tarihi».

6. Faɗuwar fihirisa

Google ya fito a 1998 da dabarar auna darajar shafi gwargwadon yawan waɗanda suka nuna shi da kuma darajarsu. Yanar gizo kuma ta yi girman da hannun mutum ba zai iya bi ba. A hankali jama'a suka bar gangarowa daga reshe zuwa reshe, suka koma rubuta kalma biyu a akwati. An dakatar da Intute, fihirisar jami'o'in Ingila, a 2011. An rufe fihirisar Yahoo a ƙarshen 2014, aka rufe DMOZ a watan Maris 2017, ko da yake wasu daga cikin ƴan sa-kanta sun ci gaba da aikin da sunan Curlie. Daga 2022 kuma na'urori masu amsa tambaya da cikakkiyar jimla suka bazu.

Ba ma musun ribar da aka ci. Matsalar haruffa masu ƙugiya ta yi sauƙi da yaɗuwar Unicode. Gallica, wadda ɗakin littattafan ƙasar Faransa ya buɗe a 1997, ta kawo tsofaffin littattafai da mujallun zamanin mallaka gaban ɗalibin da ke zaune Zinder, a jami'ar da aka kafa a 2010 wadda take ɗauke da sunan André Salifou. Abin da dā sai an yi tafiyar Paris, yanzu ana karanta shi a wayar hannu.

Sai dai an yi hasarar abu uku. Na ɗaya, ganin maƙwabci: mai bin fihirisa yakan ga rassan da ke kusa da nasa, ya gano abin da bai san yana nema ba. Na biyu, ganin giɓi: reshen da ba kome a cikinsa yana sanar da mai nema cewa ba a yi aiki a nan ba, alhali inji kullum sai ya ba da amsa, ko akwai ko babu. Na uku, sunan mai tantancewa. Dabarar auna daraja da yawan masu nuni kuwa tana fifita abin da aka riga aka sani da harshen da aka fi rubutu da shi, kuma Damagaranci ba ya cikin waɗannan.

7. Kammalawa da shawara

Mun ga cewa an ajiye Damagaram ƙarƙashin Borno a littattafan matafiya, ƙarƙashin yankunan soja masu sauya suna a takardun mallaka, ƙarƙashin lambobi masu nisa da juna a ɗakin littattafai, sa'an nan ƙarƙashin ƙasar Nijar a intanet. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan mazaunai yana da hujjarsa, amma ba wanda ya ɗauke ta gaba ɗaya. Tun da manyan fihirisoshi sun rufe, ba kuma wanda zai yi mana wannan aiki daga waje, muna ba da shawara sashenmu, tare da sashen tarihi, ya shirya ƙaramar fihirisa ta Damagaram bisa waɗannan ƙa'idoji:

a) A ɗauki faɗin hulɗar daular a ƙarni na 19 a matsayin iyaka, daga Kukawa zuwa Maraɗi, daga Kano zuwa Agadas.

b) Kowace takarda a ba ta ƙofa biyar: wuri, zamani, batu, harshe da irin rubutu, boko ko ajami, da kuma inda ake ajiye da ita.

c) A yi jadawalin sunaye, a zaɓi rubutun Hausa na ƙa'ida a matsayin uwa, a jera duk sauran a ƙarƙashinsa tare da shekarar da aka gan su. Wannan aikinmu ne na masu nazarin harshe, kuma ya isa kundin ɗalibi guda.

d) Kowane shigarwa ta zo da bayani na layi biyu ko uku, da Hausa da Faransanci, da sunan wanda ya duba ta da ranar da ya duba.

e) A shigar da abin da ba ya kan intanet: kundayen ɗalibai, faya-fayan rediyo, rubuce-rubucen da ke hannun gidajen malamai in masu su sun yarda.

f) Tun da adireshi yana mutuwa, a riƙa ajiye kwafi a sashe, a kuma rubuta adireshinsa na ma'ajiyar Internet Archive in akwai.

Aikin ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Yana bukatar malami ɗaya da zai ɗauki nauyinsa, da ƙa'idar cewa duk ɗalibin da ya kare kundi a kan yankin zai bar shigarwa goma kafin a sa masa hannu. Muna fatan abokan aiki za su tattauna wannan shawara a zaman sashe na gaba, su kuma gyara rabe-raben da muka kawo inda suka ga ya dace.